Gwiwar Sajo da Martabar Ƙasa

Duk wanda ya san bayan kasuwar Wurno ya san Sajo, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan mai faɗin kafaɗa da ke jan ƙafar hagu, wanda kullum da hantsi ake ganinsa ya taso daga fadama da damin ciyawa a ka. Bijiman wani attajiri yake kiwo a turke. Ya ba su dusa da harawa, ya kwashe kashi, ya cire musu kaska. Yaran unguwa Baba Sajo mai shanu suke ce masa, alhali ko tunkiya ba shi da ita. Manya kuwa, waɗanda suka riski zamaninsa, in ya gifta sukan taɓa na kusa da su su ce, "Wanga da kaka gani, ya taɓa kada maza a Nijar, da tutar ƙasa ga ƙirji."

A ruga aka haife shi, gabas da Dinawa, inda burtali ke ɓullewa ƙasar Rabah. Mahaifinsa Bafillace ne mai kunya irin ta mutanen da, ko saniya ba ya ɗaga wa murya. Tun Sajo bai fara gemu ba aka gane Allah ya ba shi ƙarfi. In za a ɗura wa maraƙi magani, shi kaɗai yake kama ƙaho da haɓa ya kwantar da shi, ba igiya. Wata kaka, bayan an gama yankan gero, ya kai shanu cin kara a gonakin Dinawa, ya tarar ana kokawa a bakin gari. Ya tsaya kallo da sanda a kafaɗa. Samarin manoma suka shiga tsokanarsa, wai Bafillace ba abin da ya iya sai gudu da tsalle. Ya jingine sandar, ya shiga fage da rigarsa a jiki, ya kada na farko, ya kada wanda ya zo ramawa. Makaɗa suka juyo da ganguna wajensa.

Labari ya riga shi isa gida. Mahaifinsa bai yi faɗa ba. Da Fulatanci kawai ya ce masa ba ya son ɗansa ya riƙa tuɓe riga a gaban taro don mata su yi masa guɗa. Sajo ya sunkuyar da kai ya ce ya ji. Kakar da ta biyo baya ya koma fage.

Cikin 'yan shekaru babu garin da ba a san shi ba, daga Achida har Taloka. Ba shi da dogon kirari, ba ya cika jiki da layu. Shiru yake shiga, ya kama mutum ya riƙe, ya jira shi ya gajiyar da kansa. Wani malamin wasanni ya gan shi ya kai sunansa Sakkwato, daga can aka ce an zaɓe shi cikin waɗanda za su wakilci Najeriya a wata gasar kokawa ta ƙasashen yammacin Afirka da za a yi a Jamhuriyar Nijar. Zamanin mulkin soja ne. Kafin su tashi wani jami'i ya tara su ya yi musu jawabi da Turanci, ana fassarawa. Ya ce sunan Najeriya ya ɓaci a duniya, ana yi mata kallon raini, su ne za su je su wanke shi. Sajo bai taɓa sanin ƙasa ma tana da sunan da ke ɓaci ba. Shi dai ya san sunan mutum da sunan gida. Aka raba musu riga da wando masu kore da fari, aka ce kowa ya riƙe nasa da kyau.

A Nijar ya yi abin da aka aike shi. Ya kada waɗanda aka fara haɗa shi da su, har ya kai ga Isuhu, zakaran masu masauki, mutumin Madawa, gajere mai wuya kamar na bijimi. Filin duka na Isuhu ne. Sun daɗe suna juya juna kafin Sajo ya sami ƙafarsa ya kai shi ƙasa, wuri ya yi tsit. A karon ƙarshe aka fito masa da wani ƙato daga Senegal. Sajo ya shige ƙarƙashinsa ya ɗaga shi har ƙafa ɗaya ta bar ƙasa, sai gwiwarsa ta hagu ta yi ƙara kamar an karya ɗanyen kara, suka zube tare, shi ne a ƙasa. A kwance aka rataya masa lambar azurfa.

Washegari motar tawagarsu ta tashi. Jami'in ya ce babu wurin kwantar da mai karaya, za a turo wata mota ta ɗauke shi. Kafin ya tafi ya aiko aka karɓi rigar da wandon, don kayan gwamnati ne. Motar ba ta zo ba. Isuhu, wanda Sajo ya kada a gaban mutanensa, shi ya zo asibiti ya goya shi a baya har tasha, ya kai shi gidansu a Madawa wurin wani kawunsa maɗori. Can ya yi jinya har ya fara takawa da sanda. Mahaifiyar Isuhu takan dama masa fura ta leƙa ta katanga ta ce wa maƙwabta, "Ku taho ku ga ɗan Najeriyad da ya kunyata min ɗa, ga shi nan shina cin tuwona."

A bayan wata motar albasa da ta sauke kaya ya shigo ta Illela. Ba wanda ya tarye shi. Da ya isa ruga mahaifinsa ya dubi gwiwar, ya dubi lambar, ya tambaye shi ko zai iya bin shanu. Ya ce zai iya.

Ya kuwa iya, a hankali. Ya auri Salima, 'yar kawunsa, suka haifi 'ya'ya mata, suka girma aka aurar. Mahaifinsa ya rasu, garke ya dawo hannunsa shi da ƙanensa Bashar. Kowace shekara bayan girbi Isuhu kan zo da tabarmar kaba da kilishi, ya ɗan kwana biyu a ruga, su zauna gindin tsamiya suna gardamar wanda ya fi wani iya kamu. In ana hira da Sajo aka zo kan waɗannan shekaru, yakan ce nan ne ya ji daɗin duniya.

Sai daji ya lalace. Da fari labari ake ji daga gabas, daga baya aka fara ganin mutane suna wucewa da tabarmi da tukwane a ka. Wata rana da la'asar mutane a kan babura, da bindigogi, suka kewaye rugar suka kore garken kakaf, har da maruƙan da ke ɗaure. Da gari ya waye Bashar ya bi sawu. Bai dawo ba, ba a kuma ga gawarsa ba. Sajo ya kwaso Salima da matar Bashar suka shigo Wurno. A gari kuma ya tarar da wani abu da bai zata ba. In ya buɗe baki aka ji harshen Fulani a Hausarsa, sai a yi shiru a dube shi, kamar shi ya kore shanun kansa. Sai da tsofaffin da suka san kokawarsa suka tsaya masa, sannan ya sami ɗaki da aikin turke. Salima, wadda ta tashi da ƙwaryar tatsa a cinya, ta koma sayen madarar gari a shago, ta kwaɓa ta kwana ta yi tsami, ta dama fura ta sayar. Ita ba ta sha. Isuhu ya daina zuwa don hanya ba ta biyuwa, zumunci ya koma waya.

Haka suke zaune har zaɓen shugaban ƙasa ya matso. Gari ya cika da hotuna, motoci masu lasifika suna kewayawa tun safe. Wata rana Sajo na kwaɓa dusa sai ga Zayyanu, ɗan maƙwabcinsa. Zayyanu ya gama karatu a Sakkwato tuntuni, ya zauna ba aiki har ƙannensa suka yi aure suka bar shi, sai a wannan karon aka ɗauke shi cikin masu yi wa wani ɗan takara kamfe. Ya durƙusa ya yi gaisuwa.

"Baba, wurinka anka aiko ni."

"Lahiya?"

"Lahiya lau. Ɗan takararmu babbar maganatai ita ta gyara sunan Najeriya ga idon duniya. Shina cewa an raina mu waje, in ka nuna fasfo sai a ware ka gefe guda, masu jari sun ƙi tahowa. To an ce kowace shiyya ta hiddo mutanen da sunka taɓa ɗaukaka ƙasa waje. Mun duba yankin ga duka, kai ɗai munka samu."

Sajo ya ci gaba da juya dusar da hannu. Can ya ce, "Sunan ga har yanzu ba a gama wanke shi ba?"

Zayyanu bai gane ba, ya yi ɗan murmushi.

"Mi za ni yi?" in ji Sajo.

"Ba komi, Baba. Ka tsaya, ka ɗaga lambarka a gane ka. Nan Wurno, da Rabah, da Goronyo. Sai ɗan bidiyo da za a ɗauka a nuna ƙasashen waje."

Sajo ya ce zai yi shawara. Zayyanu ya miƙe kamar zai tafi, ya kuma dawo ya durƙusa, ya rage murya. "Baba, in na kawo ka za a san da ni. Ka ga yadda nike zaune."

Wannan maganar ita ta fi yi wa Sajo nauyi. Kafin magariba kuma mai bijiman ya aiko da saƙo cewa ya ji za a karrama Sajo, ya yi murna, kada ya damu da dabbobi. Sajo ya san abin da saƙon ke nufi: ba shi da damar ƙin zuwa.

Salima ta zaro lambar daga ƙasan akwati, ta yi baƙi. Ta zauna tana goge ta da toka da lemon tsami, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Wancan karon da ka tahi gyaran sunan ƙasa, da ƙahwa guda ka dawo. Wanga karon da mi za ka dawo?"

Da safe Sajo ya biya wurin Malam Simeon, malamin asibitin da ya daɗe yana duba masa gwiwar, mutumin Zuru ne da aiki ya kawo shi Wurno ya zauna. Simeon ya latsa gwiwar nan da can, ya naɗe ta da bandeji.

"Baba Sajo, gwiwar nan ba ta son doguwar tsayuwa. In sun ba ka kujera ka zauna."

"In ba su ba ni ba hwa?"

"To ka dawo in zuƙe ruwan da za ta tara."

Ranar taron Wurno aka kawo masa farar babbar riga da koriyar hula. Kujerun kan dandamali na manyan baƙi ne, manyan baƙin kuma ba su iso ba sai bayan la'asar, don haka a tsaye ya wuni a gefe. Ɗan takarar kansa bai zo ba, wakilinsa aka turo. Wakilin ya iya magana. Ya ce in Allah ya ba su nasara, ɗan Najeriya zai shiga kowace ƙasa da kansa a sama, koren fasfo zai zama abin alfahari, baƙi za su yi ta rububin kawo masana'antu. Yawancin mutanen da ke filin ba su taɓa riƙe fasfo ba, amma sun tafa. Wata tsohuwa a gaba ta yi ta ɗaga hannu tana tambaya ko bana za a iya zuwa gona, kiɗa ya danne muryarta. Sannan mai gabatarwa ya kamo hannun Sajo ya ɗaga sama, ya ce ga zakaran Afirka ta Yamma, wanda bayansa bai taɓa ƙasa ba.

Da suka sauko Sajo ya ja rigar Zayyanu. "Na biyu na zo. Ka hwaɗa mai."

"Baba, hayaniya ta yi yawa, ba mai ji."

Zuwa Rabah da rakiyar sojoji aka yi, mota gaba mota baya. Sajo na zaune jikin taga, bai lura da inda suke ba sai da ya hango tsamiyar. Rabonsa da wurin tun ranar da suka fito. Bukkokin sun zube, ba alamarsu. Busasshiyar ciyawa ce tsaye har ƙugu, fili guda, babu dabbar da ta taɓa ta, shi kuwa kullum sai ya ja ƙafa har fadama kafin ya haɗa dami ɗaya. Ya ce wa direba ya ɗan rage gudu. Direban ya ce an hana tsayawa a nan, ya ƙara taka mota. A Rabah aka ce shi ne zakaran Afirka gaba ɗaya. Bai ja rigar kowa ba.

A Goronyo aka ce kafin taro za a ɗauki bidiyon, a bakin madatsar ruwa. Masu ɗaukar daga Abuja suka zo, shugabarsu wata mata ce mai fara'a da ake kira Madam Winnie, Hausarta na ɗan karyewa amma ta iya gaisuwa. Ta dubi babbar rigar ta ce a cire, a sa masa malafa, a ba shi sanda, a bar lambar a ƙirji. An aro shanu daga gonar wani Alhaji da ke kusa, aka jera su a bayansa, ga ruwa yana sheƙi, ga koren lambunan albasa daga nesa. Wuri ne mai kyau ƙwarai. Zayyanu ya biya masa abin da zai faɗa: shi ne Sajo, wanda ya ɗaga tutar Najeriya a waje, ƙasarmu ta zauna lafiya, ku zo ku gani. Za a rubuta fassarar da Turanci a ƙasan hoton.

Ana gyara kyamara, Sajo ya juya yana duban shanun, don mai kiwo ba ya iya tsayawa kusa da garke bai duba ba. Ba su ƙoshi yadda ya kamata ba. Yana cikin bin su da ido sai ya tsaya kan wata jar saniya mai farar fuska, ƙahonta na hagu ya sunkuyo. Ta tsufa, ga 'yar maraƙa a gefenta. Ya dubi kunnenta. Tsaga biyu a gefe, ɗaya a sama, shaidar gidansu tun kakansa.

Bai yi niyyar kiranta ba, bakinsa ne ya yi da kansa, ƙasa-ƙasa, irin kiran da yake musu da asuba. "Wule."

Saniyar ta ɗago kai. Ta tsaya jim, sannan ta ratso sauran ta taho, ta shinshini hannunsa, ta fara lasa. Haihuwarta ta fari ke nan lokacin da aka kore su.

Madam Winnie ta yi wa mai kyamara alama ya ci gaba da ɗauka. Ta ce wannan ya fi duk abin da suka shirya kyau.

Sajo ya yafito Zayyanu. "Wagga saniya tawa ta."

Fuskar Zayyanu ta canza. "Baba, ka tabbata?"

"Ni na tsaga kunnen."

Zayyanu ya je ya yi magana da makiyayin da ya kawo shanun, ya dawo yana share zufa. Ya ce makiyayin ya ce a kasuwa Alhaji ya saye ta shekarun baya, cikin wasu, daga hannun dillalai. Ya ƙara matsowa. "Baba, Alhajin ga shi ka zuba ma motocinmu mai. Don Allah ka bari a gama zaɓe. Ni da kaina za ni yi mai magana."

Sajo ya san yadda abin yake. Saniyar sata takan bi hannu da yawa kafin ta tsaya, mai yiwuwa Alhajin bai san komai ba. Kuma ba saniyar ce ta fi tsaya masa a rai ba. So yake ya san wa ya kawo ta kasuwa, daga wane daji, ta wace hanya aka bi da su, ko a kan hanyar wani ya ga dogon mutum mai kama da shi yana bin sawu. Ita kaɗai ce a duk wurin ta san hanyar, ga ta tana lasar gishirin hannunsa. Ya ji gajiya ta sauko masa tun daga wuya, irin wadda ko a fage bai taɓa ji ba.

"To," ya ce. "A ɗauka."

Ya faɗi maganar kamar yadda aka biya masa. Madam Winnie ta ce da kyau, amma Baba ya ɗan saki fuska. Ya sake. Ta ce murya ta yi ƙasa. Ya sake. Ta ce har yanzu kamar wanda aka yi wa rasuwa, mutanen waje so suke su ga farin ciki. Zayyanu ya kau da kai yana duban ruwa. A ƙarshe Sajo ya daina kallon kyamarar, ya aza hannu a wuyan Wule yana sosa mata inda take so, fuskarsa ta saki da kanta, ya ce ƙasarmu ta zauna lafiya, ku zo ku gani. Wannan suka ɗauka. Makiyayin ya kaɗa shanunsa ya tafi. Saniyar ta waiwayo, ta bi sauran.

Kafin a fara taro gwiwar ta kumbura har bandejin ya shige cikin nama. Bai iya hawa dandamali ba. A bayansa ya zauna kan wani benci, daga nan ya ji lasifika na cewa a cikinsu yau akwai wanda ya kada duniya. Aka tafa, aka wuce zuwa wani mai jawabin, ba wanda ya nemi ganinsa. Zayyanu ya bar taron ya aro babur ya maido shi Wurno a hankali, yana kauce wa ramuka.

Simeon ya zuƙe ruwan kamar yadda ya ce, ya kuma hana shi taka ƙafar. Salima da matar Bashar suka karɓi aikin bijimai. Sajo ya ba Salima labarin Wule. Ta tambaye shi ko ta rame, ya ce kaɗan. Ta tashi ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Matar Bashar kuwa suka yi shawara kada a gaya mata.

Bidiyon ya fito, ya yi yawo a wayoyi. Ko ya kai ƙasashen da aka yi shi dominsu, ba wanda ya sani a Wurno, amma ya kai Madawa. Sajo na kwance a zaure wayarsa ta yi ƙara.

"Na gane ka cikin waya," in ji Isuhu. Muryarsa ta tsufa. "Da shanu. An maido maka su?"

"Aro na."

"Kuma na ji ka ce an zauna lahiya. In shirya in taho?"

Sajo ya gyara wayar a kunne.

"Dakata tukuna," ya ce.

"Na sani. Nan ma haka muke." Isuhu ya yi tari, ya yi 'yar dariya. "Jikana ya karanta min rubutun da sunka yi ƙasa. Wai kai ka kada duniya duka. Ni dai na san ni ka kada, kuma santsi na ya kwashe ni."

"Ba santsi ko ɗaya ranan."

Suka ɗan taɓa gardamar, ba da ƙarfi ba, suka yi sallama.

Zaɓe ya zo ya wuce, wanda Allah ya ba ya samu. Sajo bai je rumfa ba, ƙafar ba ta bari ba. Hotunan bango suka koɗe, awaki suka cinye na ƙasa. Bazara ta shigo da zafinta, aka koma jin labarin ƙauyukan da aka tasa. Zayyanu ya yi ta buga wayar mutanen da ya yi wa hidima, tun ana cewa ya yi haƙuri har aka daina ɗauka. Ya karɓi babur ɗin wani yana kabu-kabu. In ya hango Sajo a ƙofar gida sai ya canza hanya. Sajo ya lura.

Sai wata rana da azahar ya ji an kashe babur a ƙofar zaure. Zayyanu ya shigo ya gaishe shi, ya zauna a ƙasa ko da akwai kujera. Ya rame, rana ta ƙona shi.

"Baba, na tahi Goronyo. Ban samu ganin Alhaji ba, sai makiyayin."

"To."

"An sai da manyan shanun bayan zaɓe. An loda su mota an yi kudu da su."

"Har ita?"

"Har ita."

Sajo ya gyara ƙafarsa a kan tabarma.

"Maraƙar hwa?"

"Tana nan. Ya ce ta yi kwanaki tana kuka ba ta cin komi, amma yanzu ta hwara ci."

"In ka koma ka ce mai shi riƙa sa mata kanwa kaɗan cikin ruwa. Uwatta na son kanwa."

Zayyanu ya ce zai faɗa masa. Sajo ya kira Salima ya ce ta kawo wa yaron fura, ya sha kafin ya koma cikin ranar nan. Ta kawo ta ajiye. Zayyanu ya sha rabi ya riƙe kwanon a hannu, suka ci gaba da zama har wani ya leƙo daga waje yana tambaya ko mai babur ɗin nan zai je Achida.